Yadda za ka shawo kan 'yan makarantarku su fara kare fatarsu daga ranar Jos

Abin da ke yaudarar mutane a garin nan sanyi ne. Mutum zai fito daga Village Hostel na Jami'ar Jos ko Angwan Rogo wajen sha ɗaya na safe da suwaita a jikinsa, iska na kaɗawa, ya ce ai yau babu rana, alhali tana nan tana aikinta a goshinsa da ƙeyarsa. Zafin da jiki ke ji daban, hasken da ke lalata fata daban. Shi wannan hasken da ake ce wa UV ba a ganinsa ba a jinsa, kuma bai damu da ko kana rawar ɗari ba. Jos tana kan tudu kusan mita 1,200, kuma lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne duk mita 1,000 da ka hau ƙarfin UV yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin ɗari. Gajimare marar kauri ma yana iya barin har kashi 80 ya ratso. To ka ga mu da muke alfahari da sanyin Filato, a wannan fannin ba mu fi 'yan Kano samun sauƙi ba.

Wannan bayanin na duk wanda ke son ya motsa abokan karatunsa ne, ko kai kilas raf ne, ko kina cikin shugabannin ƙungiyar dipatmen ɗinku, ko kuma kawai kana da aboki zabiya kana ganin yadda yake fama. Ba sai kana da kuɗi ba, amma sai kana da naci.

Mataki na farko: ka san gaskiyar maganar kafin ka buɗe baki

Kar ka je gaban aji ka ce rana za ta sa wa kowa ciwon kansa, wato ciwon daji. Ba gaskiya ba ne, kuma 'yan medisin suna nan a baya za su kunyata ka, daga nan shi ke nan babu mai ƙara saurarenka. Baƙar fata tana da sinadarin melanin da yawa, yana tare wani kaso mai kyau na hasken, shi ya sa kansar fata irin wadda rana ke jawowa ba ta cika kama mu ba kamar yadda take addabar Turawan Ostiraliya. Ka faɗi wannan tun farko da bakinka, sai su yarda da sauran abin da za ka ce.

Sauran kuwa shi ne, a cikinmu akwai waɗanda haɗarin nasu babba ne sosai, wato zabiyoyi. Akwai waɗanda suka raunana fatarsu da man bilicin. Sai kuma mu sauran gama-gari, da rana ke bar mana tabo da duhun fuska da ciwon ido, sannan akwai wata irin kansa da ke kama baƙar fata a wurin da ma rana ba ta kaiwa, zan zo kanta a ƙasa. Kowane rukuni da irin maganar da za a yi masa, kar ka haɗa su a kwando ɗaya.

Mataki na biyu: fara da zabiyoyin da kuke tare

Nan ne ainihin maganar rai take. Fatar zabiya kusan babu melanin, idan ya yi minti kaɗan a ranar tsaka sai ta yi ja ta ƙone, kuma ƙunar tana taruwa shekara bayan shekara tun daga yarinta. A ƙasashenmu na Afirka da yawansu kansar fata tana bayyana tun suna da shekara ashirin da wani abu zuwa talatin, ka ga daidai shekarun jami'a ke nan. Tana yawan farawa da wani ɗan wuri mai kaushi kamar ɓawo a kunne, ko leɓen ƙasa, ko ƙeya, ko bayan hannu, a ɓantare ya dawo, a ɓantare ya dawo, daga baya ya zama ciwon da ba ya warkewa. Idan aka kama shi a matakin ɓawon nan, aiki ne ɗan ƙarami a asibiti.

Amma don Allah ga inda mutane ke kwafsawa. Kar ka ɗauki hoton yarinya ka manna a fosta, kar ka kira ta gaban aji a matsayin misali, ta sha kallo tun tana firamare ba ta buƙatar ƙari. Ka same ta ita kaɗai ko ka tura wata ƙawarta, a ce mata, 'yar'uwa muna son mu yi wani abu kan maganar rana, me ya fi damunki a makarantar nan? Za ka sha mamaki, ita ta fi ka sanin man da ya dace da wanda bai dace ba, abin da ta rasa yawanci kuɗin sayensa ne da kuma mutanen da za su fahimta. Abubuwan da za ku iya yi mata tun wannan satin ba su da wuya. Idan ana layin rajista ko kiliyarans a waje, wani ya riƙe mata layi ta zauna a inuwa. A aji a bar mata kujerar gaba saboda yawancinsu idonsu bai da ƙarfi, kuma ba kusa da tagar da rana ke shigowa ba. Idan za a fita aikin fili a gaya wa lakcara tun da wuri. Sannan wanda duk ya jefa mata sunan banza a gyara masa zama a take, ba sai an kai maganar ko'ina ba.

Akwai gidauniyar zabiyoyi da Jake Epelle ya kafa a Abuja a 2006, wadda yanzu ake kira TAF Africa, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 13 ga Yuni a matsayin ranar wayar da kai kan zabiyoyi. Ku sa ranar a kalandar ƙungiyarku, ta fi dacewa da ku nemi tallafin man kariya ko ku gayyato likita.

Mataki na uku: lamba ɗaya kullum a guruf

Wannan shi ne mafi arha. Buɗe manhajar yanayi ta wayarka, ka gangara ƙasa za ka ga inda aka rubuta UV da lamba a gefensa. Ma'aunin yana tashi daga 0 zuwa 11 da sama. Daga 3 ake fara buƙatar kariya, 8 zuwa 10 ya yi tsanani, 11 kuwa ƙarshe ke nan. Ka duba na Jos da tsakar rana kwana biyu a jere, kai ma sai jikinka ya yi sanyi. Akwai kuma manhajar SunSmart Global UV da Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta suka fitar a 2022, kyauta ce.

Kowace safiya mutum ɗaya ya ɗauki hoton lambar ya jefa a guruf ɗin WhatsApp na aji da layi ɗaya kawai, misali "yau 11 ne da azahar, mai lema ya ɗauko". Kar ka haɗa da dogon wa'azi, kar ka tura hotunan ciwo masu tayar da hankali, mutane goge su suke yi su kuma yi maka miyut. Wanda ba shi da data ka koya masa dabarar inuwa: in inuwarka ta fi ka gajarta, rana na da ƙarfi. Kusan daga goma na safe zuwa huɗu na yamma ke nan.

Wani zai ce to bitamin D fa? Gaskiyarsa, jiki na buƙatar rana, ba a ce a ɓuya a ɗaki ba. Zirga-zirgar da kake yi da safe da yamma tana nan. Tsayuwar awa biyu a tsakar rana ake magana.

Mataki na huɗu: kaya kafin mai

Mutane da sun ji kariya daga rana sai hankalinsu ya tafi kan man sanskirin mai tsada su ce wannan na 'ya'yan masu kuɗi ne. Juya musu lissafin, inuwa da sutura su ne gaba, mai shi ne na ƙarshe.

Hula. Hana-sallah da samari ke yayi goshi kawai take rufewa, kunne da ƙeya suna waje, kuma nan ne ciwon ya fi fitowa. Zanna da kube kuwa don ado ne, ba su tare komai a fuska. Abin da ake so mai faɗin baki ne ta kowane gefe, malfa irin ta kakanninmu da Fulani makiyaya, ko hular bokiti mai faɗi. Na san wani zai ce shi ba zai shiga harabar jami'a ta Naraguta da malfa a ce ya zo kiwo ba. To maganin wannan shi ne kar mutum ɗaya ya fara, ku haɗu ku biyar ko shida cikin waɗanda ake ji da su a aji ku saka rana ɗaya, ko kuma idan za a buga rigar dipatmen ko ta 'yan ajin ƙarshe a haɗa da hular bokiti mai tambari a maimakon hana-sallah. Da zarar ta zama ta gayu magana ta ƙare.

Riga. Dogon hannu, yadi mai saƙa a matse. Ku shiga kasuwar Katako ku zaɓi gwanjo, ka ɗaga rigar sama saitin haske, idan kana hango rana ta cikinta sosai to UV ma yana wucewa. Haka 'yan'uwa mata, hijabi mai kauri yana rufe wuya da kunne da kyau, amma siririn mayafin nan shara-shara kusan babu abin da yake tarewa, kuma ko da hijabi fuska da bayan hannu suna waje.

Lema. Kusan kowa a Jos yana da ita saboda ruwan Yuli da Agusta, sai a jefa ta ƙarƙashin gado da zarar damina ta wuce. A fito da ita. Mai duhu ta fi.

Tabarau. Rana na daga cikin abubuwan da ke jawo yanar ido da wata tsoka da ke tsirowa daga gefen ido tana nufo baƙin. A nemi wanda aka rubuta UV400 a jikinsa. Baƙin gilas kawai wanda babu kariya zai iya fin rashinsa illa, saboda a cikin duhunsa ƙwayar ido buɗewa take yi haske ya ƙara shiga. Na bakin titi a Terminus kowa na iya manna masa sitika, gara a je shagon masu gwajin ido in da hali, musamman zabiyoyi.

Mataki na biyar: shi kansa man

Wajen saye abu huɗu za ka duba: lambar SPF, wato ma'aunin ƙarfin kariyar man, 30 ko sama, zabiya kuma 50, rubutun da ke nuna yana tare UVA da UVB duka, wato nau'i biyu na hasken UV, lambar NAFDAC, da ranar lalacewa. SPF 30 yana tare kusan kashi 97 na hasken da ke ƙona fata, 50 kuma kusan 98, don haka wanda ba zabiya ba kar ya kashe kuɗin abincinsa wajen neman babbar lamba. A saya a famasi mai rajista, jabu ya yi yawa a intanet. Wanda aka yi da zinc oxide yakan bar fari-fari a baƙar fuska kamar an shafa toka, idan abin ya dame ka nemi mai launi ko irin mai ruwa-ruwa da ke nutsewa, amma ga mai fata mai saurin ƙaiƙayi shi mai zinc ɗin ya fi kwanciya. Man kaɗanya da basilin suna da kyau ga kaushin hunturu, amma ba sa maye gurbinsa, ko wa ya gaya maka.

Wajen shafawa ne kowa ke yin rowa. Matso shi a tsawon yatsu biyu, manuniya da na tsakiya, daga tushe har ƙarshe, wannan na fuska da wuya ne. Kar a manta kunne, ƙeya, bayan hannu, saman ƙafa ga masu silifas, da tsakiyar kai ga wanda ya yi ƙwal-kwabo. A shafa kamar minti 15 zuwa 20 kafin a fita, a sake duk bayan awa biyu idan ana waje, ko in an yi gumi sosai.

Ga abin da ba za ka gani a jikin kwalbar ba: alwala. Ka shafa da bakwai na safe, ka yi alwalar azahar ka wanke fuska da hannu da kunne, ka fito masallaci da rana a tsaka babu komai a jikinka. Saboda haka ka koya wa mutane su haɗa shi da alwalar, a ɗura kaɗan a 'yar ƙaramar roba a jaka, ana idar da sallah a shafa kafin a fito. Abin da aka ɗaura a jikin abin da mutum ya riga ya saba yi shi ne ke ɗorewa. Kuma kar a bar robar a kan taga ko cikin mota, zafi na kashe shi.

Maganar tsada kuwa, ku yi karo-karo. Aji mai mutum ɗari in kowa ya ba da kuɗin keke ɗaya a wata ai an sayi na zabiyoyin ajin. A ba su cikin sirri ba a gaban jama'a da ɗaukar hoto ba.

Ƙarin abu ɗaya, masu shan doxycycline ko shafa mayukan retinol saboda ƙurajen fuska, waɗannan suna sa fata ta fi saurin ƙonewa, su ma su shiga layin masu shafawa kullum.

Mataki na shida: maganar bilicin, a hankali

Kar ka kuskura ka yi wannan a taron maza da mata ana dariya. Mace ce za ta yi wa mata a hostel, namiji ya yi wa maza, don su ma suna shafawa yanzu ba ƙarya. Kuma ba da zagi ba, wadda aka kunyata ba ta dainawa, ɓoye robar kawai take yi.

Abin da za a fahimtar da ita shi ne yawancin mayukan nan, har da haɗin da ake sayarwa a Instagram a ce na ganye ne zalla, suna ɗauke da hydroquinone ko sitiroyid ko ma makuri. Suna rage melanin ɗin da ke kare ta, sitiroyid kuma yana sirantar da fata har jijiyoyi su fito kore-kore, ciwo ya ƙi warkewa da wuri. NAFDAC da kanta ta ayyana lamarin a matsayin matsalar gaggawa a 2023. Ni a ganina kalmar kansa ba ta tsorata 'yar shekara ashirin, tana ganin abin na tsofaffi ne. Abin da ke shiga kunnenta shi ne fuska, wato baƙin da ke fitowa a kumatu da ƙasan ido wanda ba ya gogewa, da gaɓoɓin yatsu da ke yin duhu, kuma rana ce ke ƙara hura shi. Ta nan za a shiga. Wadda ta daɗe tana shafa mai sitiroyid kar ta yanke lokaci ɗaya fuskar ta rikice ta koma da gudu, likitan fata ne zai tsara mata yadda za ta sauka.

Mataki na bakwai: hukumar makaranta

A gajarce, takarda ɗaya mai shafi ɗaya zuwa ofishin kula da harkokin ɗalibai ta hannun ƙungiyar ɗalibai ta SUG, da buƙata uku da za a iya yi ba tare da kwangila ba: rumfa a inda ake dogon layi, mayar da wasannin dipatmen zuwa safiya ko bayan huɗu, da sanya hula mai faɗi cikin jerin kayan fita fili na 'yan jiyoloji da aikin gona da safiyo. Ku nemi minti biyar a taron sababbin ɗalibai da wasu mintuna a rediyon jami'a, ku roƙi shugabannin MSSN da na ƙungiyoyin Kirista su ambata bayan karatu. 'Yan JUMSA, ƙungiyar ɗaliban medisin, su riƙa raka ku saboda tambayoyi. Masu shirin hawa dutsen Shere ko zuwa kallon ruwan Assop ranar Asabar a tuna musu a guruf tun daren Juma'a, haka waɗanda za su shiga sansanin bautar ƙasa a Mangu, faretin can ba a inuwa ake yinsa ba.

Mataki na takwas: duba jiki sau ɗaya a wata

Nan ne maganar ta shafi kowa har wanda ya fi kowa baƙi. Akwai nau'in kansar fata ta melanoma da ke fitowa a tafin ƙafa, tafin hannu, ko ƙarƙashin farce, ba rana ke kawo shi ba kuma shi ya fi kama baƙar fata. Shi ya kashe Bob Marley a 1981 yana da shekara 36, daga ƙarƙashin farcen yatsan ƙafa ya fara aka ɗauka ciwon ƙwallo ne. Sai kuma tsohon gyambo ko tabon ƙunar wuta na shekaru, shi ma yana iya rikiɗewa ya zama kansa.

Yadda ake yi: bayan wanka, wuri mai haske, madubi da waya. Fara daga kai, bayan kunne, leɓe, ƙeya, ka sa abokin ɗakinka ya duba maka baya. Zauna ka ɗaga ƙafa ka kalli tafin da tsakanin yatsu da farce, wadda ta sa lalle ta duba in ya goge. Abin da ake nema: tabo sabo ko tsoho da ke girma, ko gefensa ba daidai ba, ko launinsa ya haɗu biyu uku, baƙin layi a farce da ke faɗaɗa ko ya malalo kan fatar gefe, ciwon da ya wuce wata guda bai warke ba, ƙullutu mai zubar da jini da an ɗan taɓa. Ka ɗauki hotonsa da rula a gefe ka rubuta kwanan wata, wata mai zuwa ka kwatanta. Zabiya kuwa ko bai ga komai ba, likita ya duba shi duk bayan wata shida.

In an ga wani abu, kilinik ɗin makaranta za a fara zuwa da katin ɗalibi, a nemi takardar tura wa zuwa ɓangaren fata na asibitin koyarwa na JUTH a Lamingo. Ba kemis ba, ba kuma mai haɗa magani a kasuwa ba. Likita zai iya cewa sai an yanki ɗan ƙaramin nama an kai gwaji, kuma daidai nan ne za a kira gida a ce wa yaro maza ya dawo, wai daji ba ya son allura ba ya son ƙarfe. Ku shirya wa wannan tun kafin ya faru, don wannan camfin ya cinye mutane da yawa da suka koma gida aka yi ta shafe-shafe har ciwon ya ci ƙashi. Ka karɓi wayar ka gaishe da Baba ko Mama da ladabi, ka ce ba aiki za a yi ba tukuna, dubawa za a yi a san mene ne, in ya yiwu ka haɗa su da likitan ya yi musu bayani da Hausa. Ranar zuwa karɓar sakamako kuma kar a bar shi ya hau keke shi kaɗai, mutum ɗaya ya fasa lakca ya raka shi.